Magani ɗaya babu a takardar sallamar Baba: mu bi kadi ko mu bar wa Allah?

Ɗan_Hausari (Garwa)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci ni. Mahaifinmu ya rasu, yau kwana 43. Shekararsa 67, goro yake sayarwa a babbar kasuwar Garwa tun kafin a haife ni. Tun bara yake kukan ƙirji. In ya taka daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango, ya ce kamar an ɗora masa buhun gero. Likitan da ya duba shi ya ce jijiyar da ke shayar da zuciyar ce ta toshe, ya tura mu kudu. Muka sayar da fili, muka hau mota zuwa Ngaundare, muka kwana a jirgin ƙasa. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, ba zan faɗi na likitan ba.

Aikin bai kai awa biyu ba. Ba a tsaga ƙirji ba, ta wuyan hannu aka zura siririn bututu har zuciya, aka buɗe inda ya toshe, aka bar wani ɗan ƙarfe mai raga kamar rasor ɗin cikin biro. Sitent suke ce masa. Washegari Baba ya hau bene da ƙafarsa yana dariya, yana cewa an mayar da shi saurayi. Bayan kwana uku aka sallame mu da ordonas, wato takardar sayen magani. Na sayi duk abin da ke ciki, ban rage ko ɗaya ba. Kwana 12 da aikin, bayan sallar asuba, ya dafe ƙirji ya faɗi a zaure. Kafin a samo mota ya cika.

Bayan sadakar bakwai, wani ɗan goggonmu da ke aiki a farmasi ya karɓi ordonas ɗin ya duba, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce ina ɗayan? Wai duk wanda aka sa wa sitent magani biyu ake ba shi na hana jini daskarewa, asfirin da wani. A tamu takardar asfirin ne kaɗai, sai na hawan jini da na kitse. Na kira likitan sau shida. Sau ɗaya ya ɗauka, ya yi mani ta'aziyya, da na kawo zancen takardar ya ce zai duba ya kira ni. Har yau shiru.

Baffanninmu sun ce in bar maganar, kwana ne ya ƙare. Ni ma na san kwana ne ya ƙare. Amma ga abin da ya sa na rubuto. Ƙanwata mai shekara 24 tana da ciwon bawul ɗin zuciya, wato ƙofar da jini ke bi a cikin zuciya, tun tana yarinya, an ce lokaci ya yi da za a buɗe mata shi da balan-balan, ita ma ta bututu. Ta rantse ba mai zura mata komai, Innarmu kuma ta goya mata baya. In bi kadin Baba ko in bar wa Allah? Kuma da wane baki zan ce wa yarinyar nan ta yarda?

Hajiya_Domayo (Marwa)

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Alhaji, ya haskaka kabarinsa. Ɗana, ka ji maganar baffanninka. Ko ƙara ka kai har gaban wa, ba za ta dawo maka da shi ba, sai dai ka ƙara wa mahaifiyarka ciwo tana cikin takaba. Ni na binne miji, na binne ɗa, na san yadda zuciya ke neman wanda za ta ɗora wa. Ka yawaita masa sadaka, ita za ta iske shi.

Direban_Falez

Hajiya, da girmanki, amma wannan haƙurin ne ya sa aka raina mu. Ni direba ne. In na ƙi duba birki na gangaro falez, gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundare, da fasinja na kashe mutum ɗaya, jandarma ba zai tambaye ni ƙaddara ba. Kulle ni za a yi, kuma daidai ne. To don me mai farar riga zai karɓi kuɗin fili guda ya manta layi ɗaya a takarda, sannan ko waya ya ƙi ɗauka?

Mai_Farmasi_Yelwa

Allah ya ba ku haƙuri. Ɗan goggonku ya faɗi gaskiya. Jiki yana ɗaukar sitent a matsayin baƙon abu, jini yana son ya daskare a kansa kafin naman jijiyar ya lulluɓe shi. Shi ya sa ake haɗa asfirin da kulofidogirel, wanda aka fi sani da Plavix, ko wani ɗan uwansa, yawanci wata 6 zuwa 12. Watan farko ya fi kowanne haɗari. In sitent ya toshe, farat ɗaya yake toshewa, kamar yadda ka kwatanta.

Amma kada ka yanke hukunci tukuna. Ka bincika jakar Alhaji da kyau. Wani lokaci ordonas biyu ake bayarwa, ɗaya ta shige cikin karne, littafin asibitin marar lafiya. Wani lokaci ana ba mutum kwalin maganin a hannu a ce ya ci gaba da shi. Ka tambayi wanda ya kwana da shi a ɗakin. Ni ma ina da nawa laifin a irin wannan: da ordonas ɗin ta zo gabana, in ba a gaya mani an sa sitent ba, zan ba da abin da aka rubuta ne kawai. Tun da na karanta labarinka na ƙudura duk wanda ya kawo mani asfirin da maganin kitse tare sai na tambaye shi ko an yi masa aiki.

Ɗan_Hausari (Garwa)

Ni na kwana da shi dukkan kwanakin uku. Ba a ba mu komai a hannu ba. Amma zan sake zazzage jakar, tana ɗakin Inna, ban so in taɓa ta a gabanta ba.

Malamin_Zaure (Kusuri)

Allah ya gafarta wa mamacin. Ina so in gyara abu ɗaya, domin ana yawan sa wa addini abin da bai ce ba. Imani da ƙaddara wajibi ne, kuma babu mai jinkirta ajali. Amma ƙaddara ba ta ɗauke wa kowa alhakin aikinsa. A suratun Nisa'i aya ta 92 Allah ya yi hukuncin wanda ya kashe mumini bisa kuskure: akwai kaffara, akwai diyya da za a miƙa wa iyalansa, sai fa in sun yafe. Wanda aka kashe bisa kuskuren ma ai kwanansa ne ya ƙare, amma duk da haka aka wajabta diyya.

A kan likita kuma akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke da lamunin abin da ya lalata. Malamai suka faɗaɗa: gwanin likita da aka ba izini, ya yi aikin yadda masana suke yi, cutar ta rinjaya, babu komai a kansa. Gwanin da hannunsa ya kuskure ko ya yi sakaci, ba a kashe shi, amma akwai diyya. Kuma wannan haƙƙin magada ne, matarsa da 'ya'yansa. Baffa yana da girma, yana da shawara, amma ba shi zai yafe abin da ba nasa ba.

Yafiya ta fi lada, ba shakka. Sai dai mutum yana yafe abin da ya sani ne. Ka fara sanin abin da ya faru.

Hajiya_Domayo (Marwa)

Allah gafarta Malam, na ji, kuma na ƙaru. Ni dai tsorona yaron nan zai ƙarar da abin da ya rage na gado a hannun lauyoyi, ga marar lafiya a gida.

Mai_Tireda_Gider

Ni ra'ayina ƙanwarka ta fi ku gaskiya. Duk wannan sabon aikin na zura bututu koyo suke yi a kanmu. An kawo na'ura, an tura mutum kwas na 'yan watanni, ya dawo yana neman wanda zai gwada hannu a kai. Mahaifinka yana tafiya da ƙafarsa, ko da yana tsayawa ya huta. Da an bar shi da ƙwayoyinsa wataƙila da yanzu yana rumfarsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dokta_Ɗan_Marwa (Faransa)

Ina yi muku ta'aziyya. Ni likitan zuciya ne, amma ban ga mamacin ba, ban ga dosiyensa, wato fayil ɗinsa na asibiti, ba, saboda haka ba zan ce ga abin da ya kashe shi ba. Zan dai faɗi abin da na sani.

Mai_Tireda, aikin ba sabo ba ne. Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurik a 1977. An sa sitent na farko a jijiyar zuciyar mutum a 1986, a Tulus nan Faransa. Buɗe bawul da balan-balan, wanda aka ce za a yi wa ƙanwarsa, wani likitan Japan mai suna Inoue ya fito da shi tun farkon shekarun 1980. Wanda za a iya kira sabo-sabo shi ne dasa bawul ta bututu, wanda Alain Cribier ya fara a 2002, shi ma ya haura shekara 20. Amma akwai gaskiya a cikin maganarka, kuma ba zan ɓoye ta ba: aiki yana iya zama tsoho a duniya ya zama sabo a hannun wanda zai yi maka. Kuma ba hannun likita kaɗai ba. Mai jinya, mai rubuta takardar sallama, mai bayani ga iyali, duk cikin aikin suke.

Mu likitoci muna bambanta abu biyu. Akwai tsautsayin aiki, wanda kan faru ko an yi komai daidai: jijiya ta yage, jini ya ɓalle, sitent ya toshe duk da ana shan magani. Akwai kuma kuskure, wato abin da ya kamata a yi ba a yi ba. Sallamar mai sabon sitent ba tare da magani na biyu ba, in babu wani dalili da aka rubuta, ba ya cikin tsautsayi.

Bari in ba ku labarin Biristol a Ingila. Wani likitan allurar barci, Stephen Bolsin, ya lura jariran da ake yi wa tiyatar zuciya a asibitinsu suna mutuwa fiye da kima. Ya riƙa ƙirgawa yana rubutawa, ya kai wa manya, aka ƙi saurarensa shekaru, har ya bar ƙasar ya koma Ostireliya. A 1998 hukumar likitoci ta kori biyu daga aiki, ta hana na uku taɓa yara na shekara uku. Rahoton bincike na 2001 ya ce tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 sun mutu fiye da abin da aka saba gani a sauran asibitoci. Bayan haka ne aka shiga wallafa sakamakon tiyatar zuciya kowa ya gani. Iyayen yaran nan ne suka ƙi yin shiru.

Anfirmiye_ta_Dare

Na yi ta rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗa. Shekara 14 ina aikin jinya. Wani dare, ni kaɗai a kan gadaje sama da 20, wuta ta ɗauke, da fitilar waya nake aiki. Na ba wata tsohuwa maganin maƙwabciyarta, gadonsu a jere, sunansu na farko ɗaya. Maganin saukar da hawan jini ne, ita kuwa nata dama a ƙasa yake. Da na dawo na tarar gumi ya jiƙa mata ɗankwali, hannunta sanyi ƙalau. Na duba kofin da ke hannuna na gane abin da na yi. Wallahi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na ɗaga mata ƙafa, na sa ruwa, na kira likita. Ta tashi.

Da safe babbarmu ta ce kada in gaya wa kowa, tunda ba a mutu ba. Ɗanta ya zo da koko yana ta yi mani godiya wai na ceci uwarsa. Na kasa haɗiye wannan godiyar. Na ja shi gefe na gaya masa. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce: "To yanzu in kin ce mani abu zan yarda." Har aka sallame su ni kaɗai yake nema.

Ba ina kare likitanku ba ne. Ina gaya maka abin da nake zato ne: ya duba, ya gani, tsoro ya kama shi. Ba a koya mana yadda ake cewa "na yi kuskure" ba. Abin da aka koya mana shi ne wanda ya faɗa shi za a rataye, wanda ya yi shiru ya tsira.

Direban_Falez

Ke kin faɗa ai, kuma ba ki da albashinsa. Tsoro ba hujja ba ce.

Ɗalibin_Shari'a_Dang

Ta fuskar doka, ga abin da zan iya cewa. Sashe na 289 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, ko tarar sefa 10,000 zuwa 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya jawo mutuwa ko rauni ta hanyar sakaci, ganganci ko ƙin bin ƙa'ida. Bai ware likita ba. Akwai kuma hukumar likitoci ta ƙasa, wadda dokar 10 ga Agusta 1990 ta tsara aikinta, tana iya ladabtar da likita tun daga gargaɗi har cire sunansa. In diyya kake nema, ya danganta: asibitin kuɗi kotun farar hula, na gwamnati kotun mulki, kuma a can sai ka fara rubuta wa hukumar da ke da asibitin takardar koke kafin alƙali ya saurare ka.

Inda gizo ke saƙa shi ne hujja. Abu uku ake nema: kuskure, cutarwa, da igiyar da ta ɗaure su. Na farko yana hannunka in takardar ta tabbata. Na uku shi ne mai wuya, domin mu kafin azahar mun binne, ba a buɗe gawa ba. Lauyansu zai ce wata jijiyar ce ta toshe, ko bugun zuciyar ne ya rikice. Ba ina karya maka gwiwa ba ne. Kafin komai, ka yi hoton ordonas ɗin da rasit na farmasi, ka ajiye na asali inda ruwa ba ya kaiwa, kada ka miƙa wa kowa shi ko da an ce za a duba a dawo maka.

Direban_Falez

Hukumar likitoci kuma? Likita ya hukunta likita? Kura ce za a ba ajiyar nama.

Likitan_Ƙauye

Direba, ka sassauta. Ina aiki a wani asibitin gunduma a Arewa Mai Nisa, akwai ranar da nake ganin mutum 60 kafin la'asar. Ba na neman a tausaya mani, aikin na zaɓa. Amma in kowane kuskure sai kurkuku, abin da zai faru shi ne ba mai taɓa marar lafiya mai tsanani, kowa zai ce a kai gaba, mutum ya mutu a mota tsakanin Mora da Marwa. Wanda ya manta layi a takarda mutum ne. Abin tambaya shi ne me ya sa babu wani na biyu da ya duba takardar kafin a sallame su. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin abubuwa 19 da ake karantawa da baki a ɗakin tiyata, har da tabbatar da sunan marar lafiya da ƙirga auduga. Da aka gwada shi a asibitoci takwas, ciki har da ɗaya a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata suka sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Takarda ce fa kawai, ba na'ura ba. Irinta ya kamata a ce akwai a ƙofar sallama.

Amma rashin ɗaukar waya, wannan kam ba zan kare shi ba. Ya ba ni kunya.

Baƙon_Njamena

Salamu alaikum daga ƙetaren gadar Ngeli. Yayana an canza masa bawul a cibiyar Salam ta Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, kyauta ake yi. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 mutanenmu na Cadi da dama sun je. Na ƙarfe aka sa masa, in dare ya yi tsit kana jin yana ƙas-ƙas kamar agogo. Abin da ya sa na kawo zancen: kafin a sallame shi sai da aka zaunar da mu, aka sa shi ya maimaita da bakinsa sunan maganin tsinka jininsa, da ranar gwajin jini, da abin da zai faru in ya daina. Da ya yi kuskure aka sake daga farko. A lokacin har haushi na ji, ina ganin ana ɓata mana lokaci. Yau shekara tara ke nan yana nan.

Uwar_Biyu (Ngaundare)

Ɗan_Hausari, don Allah ka ba ƙanwarka wayar ta karanta wannan da kanta.

Ƙanwata, ni ma irin ciwonki ne. Ciwon maƙogwaro ne tun ina firamare ya taɓa mani bawul, ba a yi mani allurar fenisilin ba don ba wanda ya sani. Da na yi cikin fari, a wata na shida ban iya kwanciya sai a zaune, da filo uku a bayana, ina tari har da jini. Na sha da ƙyar. Bayan na haihu aka buɗe mani da balan-balan, ta cinya aka shiga. Kafin nan sai da aka zura mani wani abin hoto ta maƙogwaro don a tabbatar babu gudan jini a zuciyar, wannan ya fi aikin kansa wahala a wurina. Kwana biyu na fito. Na sake haihuwa lafiya. Har yanzu ina karɓar allurata duk wata.

Ba zan ce miki babu haɗari ba, an gaya mani bawul ɗin yana iya yagewa har a koma tiyata, kuma yana iya sake tsukewa bayan shekaru. Kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ba mai ganin laifinki. Amma wannan ciwon ba ya jira, musamman in aure ya zo. Ki je ki ji da kunnenki, ba dole sai wurin da aka kai Baba ba.

Goggon_Yara

Tunda ana zancen zuciya da haihuwa, a taimaka a gaya mani. 'Yata ta haihu wata biyu, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Kakarta ta ce a ƙara mata kunun kanwa da wankan jego. Sannan wai gaskiya ne bawul ɗin da ake dasawa na alade ne?

Dokta_Ɗan_Marwa (Faransa)

Goggo, ki kai ta asibiti yau, ba gobe ba, a yi mata eko, wato hoton zuciya. A dakatar da kanwar, gishiri ne, yana tara ruwa a jiki. Raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa. Bawul kuwa iri biyu ne: na ƙarfe, mai daɗewa amma sai an sha maganin tsinka jini har ƙarshen rai, da na nama, wanda ake yi da na alade ko na saniya, ba ya daɗewa kamar na ƙarfe, musamman a jikin matashi. Kina da ikon tambaya wanne ne. Hukuncinsa na bar wa Malam.

Ga ƙanwar Ɗan_Hausari kuma, tambayoyin da nake so a yi mani in ni ne: sau nawa ka yi wannan aikin da hannunka? A bara mutum nawa, kuma nawa suka samu matsala? In bawul ya yage a kan tebur, akwai likitan tiyata a ginin nan ko sai an ɗauke ni? In na koma Garwa wa zai riƙa dubana? Likitan da ya fusata don an yi masa waɗannan, a nemi wani. A nan Faransa tun dokar 4 ga Maris 2002 marar lafiya yana da ikon karɓar dosiyensa, magada ma suna iya nema don sanin sanadin mutuwa, kuma in an cutu dole a yi wa mutum bayani cikin kwana 15. Kafin dokar, nan ma rufa-rufa ake yi.

Malamin_Zaure (Kusuri)

Goggo, in akwai na saniya ko na ƙarfe da ya dace da marar lafiya, shi za a ɗauka. In likita amintacce ya ce babu mafita sai wancan, lalura tana halatta abin da aka hana gwargwadonta. Amma yanzu ki bi maganar Dokta ki tafi da yarinyar.

Mai_Tireda_Gider

Dokta, na ji bayaninka, amma wane talaka ne zai zauna gaban likita ya ce masa mutum nawa suka mutu a hannunka? Da Faransancin da ba mu iya ba? Mu da ko sunan ciwonmu ba a gaya mana. Ni dai har yanzu ina kan bakana.

Ɗan_Hausari (Garwa)

Na gode muku duka, Allah ya saka. Jiya da Inna ta shiga wanka na buɗe jakar. Babu ordonas ta biyu. Amma a cikin ambulan ɗin da faifan hoton aikin yake, na sami takardar rahoto mai shafi biyu da ban taɓa karantawa ba. Na kai wa ɗan goggonmu. A ƙasan shafi na biyu an buga da na'ura cewa a ci gaba da magungunan biyu har wata 12, da sa hannun likitan. Ordonas ɗin kuwa rubutun hannu ne, kuma ba hannunsa ba ne, wani matashi ne ya rubuta mana ita a tsaye a baranda muna sauri kada jirgi ya tashi. Na tuna har biro ya ƙi yi masa ya ari nawa.

Tun jiya nake tunanin takardar nan tana cikin jakar da na rungumo tun daga can har Garwa, har ranar da ya faɗi tana ƙarƙashin gadon Baba.

Na rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa, Ɗalibin_Shari'a ya gyara mani ita. Ban ambaci kuɗi ba. Na nemi su gaya mana a rubuce abin da ya faru, da abin da suka canza don kada a sake. Baffa babba ya ce in na aika ba da yawunsa ba. Ban aika ba tukuna, tana aljihuna.

Anfirmiye_ta_Dare

Kada ka ɗora wa kanka. Ba aikinka ba ne karanta rahoton likita, an rubuta shi ne don wani likitan. Ka aika wasiƙar. Wannan matashin yana can yana rubuta wa wasu.

Hajiya_Domayo (Marwa)

Ɗana, in za ka aika, ka fara zuwa ka durƙusa gaban baffanka ka karanta masa ita da Hausa, ya ji ba kuɗi kake nema ba. Kada takarda ta raba ku. Ita yarinyar fa, me ta ce?

Ɗan_Hausari (Garwa)

Ta karanta na Uwar_Biyu sau biyu, ta kwafe tambayoyin Dokta a bayan karnenta. Ta ce za ta je a sake yi mata eko, amma ba ta yi alkawarin komai bayan wannan ba, kuma ba za ta tafi ko'ina ba sai Inna ta fita takaba. Inna kuwa ba ta ce uffan ba. Gobe bayan la'asar zan je wurin Baffa.